Ƙariya ko faranjifani: wanne ya dace da tsakar gida?

Hajiya, kin ce kun tare a sabon gida wanda aka shafe tsakar gidansa da siminti, sai wani fili mai kamar mita 4 a kowane gefe da aka bari da ƙasa, kuma kin je wurin masu sayar da fulawa a bakin titi kin tarar da tsirrai biyu masu kaurin reshe da fure mai kunnuwa biyar, mai sayarwa ya ce miki abu ɗaya ne, ɗaya yaro ne ɗaya kuma ya girma. Kina son sanin ko haka ne, da kuma wanda ya kamata ki dasa, ganin cewa akwai ƙananan yara a gidan da awaki biyu.

Ba abu ɗaya ba ne, kuma ko shekara nawa ƙaramin ya yi ba zai rikiɗe ya zama babban ba. Mai kumburarren gindi kamar tulu, da fure ja-ja mai farin maƙogwaro, ita ce ƙariya, wadda masana tsirrai suke kira Adenium obesum. Mai dogon ganye da fure mai ƙamshi, fari da ɗorawa a tsakiya ko kuma ja-ja, shi ne faranjifani, wanda sunansa na ilimi Plumeria. Mai sayarwa bai yi nisa da gaskiya ba ta fuska ɗaya, domin dangi ne na kusa, gida ɗaya suka fito da tumfafiya, shi ya sa dukansu suke zubar da ruwa mai danƙo idan an karya reshe, kuma dukansu suna kaɗe ganye da rani su yi fure a kan reshe tsirara. Amma aikin da kowannensu yake yi a gida daban ne. Ita ƙariya tsiro ce irin su lalle da sabara, waɗanda suke fitar da rassa tun daga gindi ba su yi tsawo ba, a dawa takan kai mita 1 zuwa 3, a tukunya kuwa da wuya ta wuce ƙugun mutum. Shi faranjifani ƙaramar bishiya ce mai kututture guda, yana kaiwa mita 6 zuwa 8 idan ya sami shekaru, kuma faɗin kansa yakan yi kusan daidai da tsayinsa.

Ƙariya tamu ce, kuma ina so a riƙa tunawa da haka, domin na sha ganin mutane suna sayenta da tsada suna zaton baƙuwa ce daga Turai. Tana fitowa da kanta a busassun wurare masu duwatsu tun daga Senegal, ta bi ta Nijar da arewacin Nijeriya da Chadi da Sudan har gabashin Afirka da kudancin ƙasar Larabawa. A can Yaman ne wani masanin tsirrai mai suna Peter Forsskål ya rubuta bayaninta, aka buga a 1775 bayan rasuwarsa, sannan a 1819 aka ba ta sunan Adenium, daga sunan birnin Aden, kalmar obesum kuwa ma'anarta mai ƙiba. Tun da daɗewa Hausawa sun san ta sun kuma dasa ta a gidaje, har akwai masu danganta sunanta da karin maganar nan da ake cewa ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, saboda za ki ga ta shekara da shekaru tana cika da fure ba a ga ɗanta ba. A gaskiya tana 'ya'ya, sai dai galibi tana bukatar wata ƙariyar a kusa da ƙwaron da zai kai garin fure daga wannan zuwa waccan, ita kuwa wadda aka dasa ita kaɗai a tsakar gida ba ta samun haka. Idan ta ɗauka, takan fitar da kwanso biyu a jere kamar ƙahonin akuya, su bushe su tsage, iri ya fito da gashi a kowane gefe iska ta ɗauke shi kamar audugar tumfafiya.

Shi faranjifani baƙo ne. Asalinsa Meziko da Amurka ta Tsakiya da tsibiran Karibiyan, an raɗa masa Plumeria ne don tunawa da Charles Plumier, Bafaranshen da ya yi nazarin tsirran wancan yanki a ƙarshen ƙarni na 17, sunan faranjifani kuma na wani gidan sarauta ne a Italiya da aka san shi da wani turare. Ya bazu a ƙasashe masu zafi har ya zama furen ƙasa a Nikaragwa da Lawos, a Malesiya da Indunusiya kuma ana yawan dasa shi a maƙabartun Musulmi. Iri biyu za ki fi samu a wurin masu fulawa, kuma bambancinsu ya shafi tambayarki kai tsaye. Akwai mai ganye mai tsini a baki, Plumeria rubra, wanda furensa yake zuwa da launuka iri-iri kuma yake zubar da ganye gaba ɗaya da hunturu. Akwai kuma mai ganye mai sheƙi da baki a zagaye, Plumeria obtusa, mai farin fure da ɗorawa a ciki, wanda yake riƙe mafi yawan ganyensa muddin yana samun ɗan ruwa da rani.

Idan ƙamshi kike so, babu gasa a tsakaninsu. Furen ƙariya na kallo ne kawai, kusan ba shi da ƙamshi. Na faranjifani kuwa yana ƙamshi da rana, amma bayan magariba ne yake buɗewa sosai, domin wani babban malam-buɗe-littafi na dare yake kira, kuma abin mamaki furen ba shi da zumar da zai ba shi, ƙamshin kawai yake jawo shi daga fure zuwa fure. Bishiya ɗaya ta isa ta cika tsakar gida irin naki da ƙamshi a daren bazara lokacin da ake shimfiɗa a waje. Amma kada ki dasa shi da niyyar samun inuwa irin ta darbejiya ko mangwaro. Mai ganye mai tsinin nan yakan tsaya tsirara tun daga tsakiyar hunturu, kuma a watan Maris da farkon Afrilu, lokacin da zafi ya fi tsanani kuma aka fi neman inuwa, sai ki tarar fure ne a kansa da 'yan sababbin ganye, inuwar ba ta cika sai damina ta kama. Saboda haka nake ba masu ƙaramin fili shawarar mai ganye mai sheƙi, ko da yake launinsa ɗaya ne.

Yanzu ga abin da ya fi kashe su a gidajenmu, kuma a nan nake so ki tsaya sosai. Ba ƙishirwa take kashe su ba, ruwa ne. Kumburarren gindin ƙariya ma'ajiyar ruwa ce, haka ma kaurin rassan faranjifani, an halicce su don su jure watanni ba tare da ruwan sama ba, amma saiwarsu ba ta jure zama cikin laka ko da na 'yan kwanaki. Na taɓa rasa wata ƙariya da na rena tun daga iri har shekara shida, domin an matsar da tukunyarta ƙarƙashin indararo a watan Agusta ban lura ba. Daga sama lafiyarta ƙalau, ganye kore shar, sai da ganyen ya fara ɗorawa yana zubewa na sa yatsa na danna gindin, ya lotsa kamar ruɓaɓɓiyar kabewa, ruwa mai wari ya fito. Tun daga ranar na koyi taɓa gindin kowace ƙariya sau ɗaya a mako da damina. Gindi mai lafiya tauri gare shi kamar ɗanyen rogo. Idan ya ɗan yamutse amma da tauri, ƙishirwa ce, a ba ta ruwa. Idan ya yi laushi a wuri ɗaya, ruɓa ta fara, sai a tuge ta daga tukunya, a yanke duk inda ya yi baƙi da wuƙa mai tsabta har a kai ga farin nama, a bar ta a inuwa mako guda yankan ya bushe, sannan a mayar da ita cikin busasshiyar ƙasa a hana ta ruwa wani makon.

Saboda wannan ne na fi son ƙariya a tukunya maimakon ƙasa, sai fa idan gidan a kan jigawa yake ko tudu mai marmara inda ruwa ba ya kwana. Tukunyar ƙasa irin ta maginanmu ta fi ta roba, domin tana shan iska ta jikinta kuma ba ta dafa saiwa da zafin rana, amma dole a huda ƙasanta da kyau, rami uku ko huɗu masu faɗin yatsa, kuma kada a ɗora ta a kan faranti mai tara ruwa. Haɗin da nake yi shi ne kwano biyu na yashin rafi mai tsakuwa, kwano ɗaya na ƙasar gona, kwano ɗaya na takin da ya ruɓe sosai ya zama baƙi, da ɗan gawayi da aka farfasa. Da bazara, lokacin da take fure da sabon ganye, ana ba ta ruwa sau ɗaya ko biyu a mako, a jiƙa ƙasar sosai sannan a bari ta bushe. Da hunturu sau ɗaya a mako biyu ko uku ya isa, kuma zubar ganye a lokacin ba ciwo ba ne, hutu take yi. Da marka kuwa ba a ba ta ko ɗigo, idan ruwan sama ya jera kwanaki ma gara a janye ta ƙarƙashin baranda. Rana kuma ba ta yi mata yawa, tana bukatar aƙalla awa 6 ta hasken rana kai tsaye, wadda aka ajiye a falo ko a zaure sai ta miƙe siririya ta ƙi fure.

Faranjifani ya fi ta haƙuri da ruwa, amma shi ma a kan tudu yake so. Filin nan naki, tunda siminti ya kewaye shi, ki fara lura da inda ruwan tsakar gida yake bi idan an yi ruwan sama ko an yi wanki. Idan nan yake taruwa kafin ya fita ta rariya, to sai an tayar da ƙasar ta ɗara simintin da kamar taƙi guda, a kewaye ta da bulo, a dasa bishiyar a kan tudun. A sa ta a tsakiyar filin, nesa da katanga da mita 2 zuwa 3, ba don saiwarsa tana fasa gini ba, domin saiwarsa ba mai ƙarfi ba ce irin ta ceɗiya ko durumi, sai don kansa ya sami wurin buɗewa ta kowane gefe. A shekarar farko a kafa masa sanda a ɗaure, saboda kansa ya fi saiwarsa nauyi kuma guguwar farkon damina tana iya kwantar da shi. Rassansa kuma, duk da kaurinsu, gautsi gare su, suna karyewa farat ɗaya, don haka ba bishiyar da yaro zai hau ba ce, ba a ɗaura mata igiyar shanya, ba a kuma ɗaure rago a jikinta. Sannan ki shirya wa shara, domin ganyensa manya ne, wasu sun kai tsawon kamu, furen kuma kullum yana zuba.

Wajen yaɗa su ma hanyarsu ta bambanta, kuma sanin wannan zai hana a sayar miki da abin da ba shi kike nufi ba. Faranjifani da reshe ake dasa shi, kamar yadda ake dasa aguwa a shinge. Ana yanko reshe mai ƙwari tsawon santimita 30 zuwa 45 a ƙarshen rani, a cire ganyen, a jingine shi a inuwa mako ɗaya ko biyu har bakin yankan ya bushe ya yi tauri, sannan a binne kamar kashi ɗaya cikin huɗu a ƙasa mai yashi, a ba shi ruwa sau ɗaya a ƙyale shi sai sabon ganye ya fito. Wanda ya yi gaggawa ya soka ɗanyen reshe a jiƙaƙƙiyar ƙasa, bayan mako uku zai ga ya yi baƙi daga ƙasa yana hawa sama. Reshe yana ba da launin uwarsa daidai, kuma yakan yi fure cikin shekara ɗaya ko biyu. Ƙariya ma tana kamawa da reshe, amma wadda aka dasa da reshe ba ta yin kyakkyawan tulun nan da ake sonta dominsa, gindinta yakan zauna siriri tsawon shekaru. Mai tulu daga iri take fitowa, irin kuma idan sabo ne yakan tsiro cikin mako guda, idan ya daɗe a ajiye sai ya mutu. Waɗanda kike gani masu fure ninki-ninki kamar wardi, ja wur ko fari tas, aure aka yi musu kamar yadda ake yi wa mangwaro, an ɗora reshen irin da masu lambu a Tailan da Taiwan suka inganta a kan gindin ƙariya ta iri. Idan kin sayi irin wannan, duk tohon da ya fito ƙasa da tabon auren ki cire shi, in ba haka ba zai rinjayi na sama furen ya koma na asali.

Akwai roƙon da nake yi wa duk mai sayen ƙariya. Idan kika ga ƙatuwa mai gindi kamar randa, da saiwa a sassare da alamar fartanya, an cusa ta a buhu ko sabuwar tukunya, to daga dawa aka haƙo ta, kuma tsiron da ya kai wannan girma ya yi shekaru masu yawa a wurinsa. Yawancinsu ba sa rayuwa bayan wannan sara, suna ɗan yin fure da ruwan da ya rage a jikinsu sannan su ruɓe, an yi asarar kuɗi an kuma rage su a inda Allah ya tsirar da su. Ƙarama mai gindi kamar ƙwan kaza da aka rena daga iri ta fi arha, ta fi kamawa, kuma duk lokacin da aka sauya mata tukunya da bazara aka ɗan ɗaga gindin sama da yatsa biyu, siffarta tana ƙara kyau.

Ƙwari ba su cika damunsu ba. Ƙariya takan sami wasu ƙananan ƙwari masu launin ɗorawa da suke taruwa a kan toho, da wasu farare kamar auduga a hammatar ganye, ruwan sabulu kaɗan ko jiƙon ganyen darbejiya da yamma yana maganinsu. Faranjifani kuma a wuraren da damina take da tsawo yakan yi wani gari ruwan lemo a bayan ganye wajen ƙarshen damina, ganyen ya zube da wuri. Ba ya kashe bishiyar, a dai share ganyen da ya zuba a fitar da shi daga gida.

Maganar yara da awaki ita ce ta fi nauyi a tambayarki, kuma ba na so a ɗauke ta da sauƙi. Farin ruwan faranjifani yana sa ƙaiƙayi da kumburin fata, yana ƙona ido, idan an haɗiye shi kuma yana sa amai da gudawa, amma yawanci a nan yake tsayawa. Ƙariya dafi ce ta gaske. Kowane sashe nata, daga saiwa har fure, yana ɗauke da sinadaran da suke taɓa bugun zuciya, irin dangin maganin zuciya da likitoci suke bayarwa da awo ƙanƙani, kuma da ruwanta ne maharba a sassa da yawa na Afirka suke haɗa dafin kibiya, ana kuma kashe kifi da ita. Ɗacinta yakan sa yaro ya tofar, dabbobin da suka saba da ita a dawa kuma sukan kauce mata, amma akuyar da take tsare a gida da rani, babu wani ɗanyen ganye a gabanta, ba abin dogaro ba ce, haka ma yaron da yake rarrafe yana kai komai baki. Idan ruwan ɗayansu ya shiga ido, a wanke da ruwa mai tsabta mai yawa na tsawon mintuna. Idan yaro ya tauna ƙariya, a kai shi asibiti nan take tare da guntun tsiron don likita ya gani, kada a tsaya jiran alama, kuma kada a dogara da madara ko manja, domin illar a zuciya take, tana iya jinkirta bayyana. Mai yankan rassa ya sa safar hannu ko leda, ya wanke wuƙar da sabulu, kuma kada ya yi aikin da wuƙar girki. Rassan da aka datse ba a zuba su a inda dabbobi suke kiwo, ba a kuma sa su a murhu.

To idan gidan nawa ne, da wannan fili da waɗannan yara, faranjifani mai ganye mai sheƙi zan dasa a tsakiyar filin, a kan tudun da na faɗa, in kewaye shi da waya ko kara har ya wuce inda akuya take kaiwa idan ta miƙe a kan ƙafafun baya, wanda yakan ɗauki shekara biyu zuwa uku. Bayan haka ganyensa da ruwansa sun yi sama, abin da ya rage a ƙasa sai furen da ya zuba, shi kuma shara ta safe ta isa. Ƙariya kuwa, duk da ita na fi ƙauna a cikin biyun, ba zan sa ta a ƙasa ba a gidan da ake rarrafe. Ko dai a ɗora tukunyarta a wuri mai tsayi da rana take samu, kamar kan ginshiƙin ƙofar gida ko barandar bene inda yaro da akuya ba sa kaiwa kuma furenta ba ya zubowa inda suke wasa, ko kuma a dakata har ƙaramin cikinsu ya kai shekarun da zai ji an ce kada ya taɓa. Lokacin sayen faranjifanin shi ne watan Afrilu zuwa Mayu, dab da faɗuwar damina, kuma ki zaɓi wanda ya riga ya yi saiwa a leda kuma yana da fure a kansa, don ki ga launin ki kuma shinshina ƙamshin kafin ki biya, domin ba kowane iri ne yake da ƙamshi mai ƙarfi ba.